Ƙirgar Kwaɗi da Rani

A ofishin Dakta, masanin kwaɗi na jami'a, suka ƙulla maganar. Mai Bulo yana son ɗibar yashi a rafin da ke bayan jami'a, amma hukuma ba ta ba da izini sai masani ya tabbatar babu halittar da za ta cutu. Shi kuma Dakta sabon ɗakin bincike yake so, da sunansa a ƙofa.

"Ni fa ba na rubuta ƙarya, ranka ya daɗe," in ji Dakta.

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Yaushe kwaɗin naku ke ɓuya?"

"Da rani. Suna shigewa ƙarƙashin laka, ba motsi ba kuka, sai ruwa ya sauka."

"To ka je da rani mana. Abin da idonka ya gani shi za ka rubuta."

Haka kuwa aka yi. Dakta ya leƙa busasshen rafi da tsakar rana, ya ɗauki hotuna, ya rubuta bai ga kwaɗo ko ɗaya ba. Kuma wallahi bai gani ba.

Malamarsa, Farfesa, tun tana budurwa take shiga rafin nan da dogayen takalman roba, tana bin wani ɗan kwaɗo mai jan ciki da ba ta taɓa samunsa a wani ruwa ba. Ita ta nuna wa Dakta maɓoyarsu, lokacin ko riƙe raga bai iya ba. Ranar da ta ji rurin motar haƙa ta taga, ko ƙofa ba ta rufe ba ta nufi ofishinsa.

"Kai! Da rani ka ƙirga? Da rani?"

"Mama, ai doka ba ta faɗi wata ba."

"Kada ka ƙara ce mini Mama. Ni na ɗora hannunka kan lakar nan na ce maka akwai rai a ƙasa!"

Ta kai ƙara majalisar jami'a. Manya suka ce a jira damina a sake dubawa, kafin nan aiki ya ci gaba. Damina ta zo ta tarar da rami. Aka sake ƙirga, wannan karon ba sai da dabara ba: babu kwaɗo ko ɗaya.

Mai Bulo ya samu yashinsa. Dakta ya samu ɗakinsa har da na'urar sanyi, yana koyar da ɗalibai yadda ake kare kwaɗi da hotunan da Farfesa ta ɗauka. Ita ta yi ritaya da takalmanta na roba. Kwaɗin kuwa suna barci aka lode su a tifa.