Ƙeyar Namadi Wanzami

Malamin asibitin En'e bai ma bari Namadi ya gama sallama ba, ya girgiza kai.

"Sakamakon bai iso ba tukuna, Baba. Daga Sakkwato sai an aika Kaduna, can masu dubawa suke. Ka dawo kasuwa mai zuwa."

"Haka kac ce waccan kasuwa."

"Haka zan ce har ya iso. Jinkirin ba ya nufin komai, wallahi."

Namadi ya gyara rawanin da ya rufe masa ƙeya, ya fito. Tun daga Kebbe ya sha jijjiga a bayan lori, a kan buhunan gero, don ya ji wannan 'yar maganar kawai a Tambuwal.

Abin da ya jawo duk wannan bai fi ƙwayar wake ba. Tawadar Allah ce a ƙeyarsa tun haihuwa, sai bana ta fara faɗi, ta yi baƙi ƙirin, gefenta ya yi cako-cako. Shi ina zai gani? Matarsa Lauratu ce ta tasa shi gaba da mita safe da yamma, har ya tafi babban asibiti. Likita ya yanke ta, ya ɗinke wurin, ya ce sai an duba naman kafin a san ko ciwon daji ne. Tun ranar tuwo ya daina yi masa daɗi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin mai sa mutum ya tsaya yana ta kallon 'ya'yansa suna wasa.

Kuma bai da wanda zai gaya wa. Namadi wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Mutumin da ya yi wa rabin Kebbe ƙaho da cire beli, a ce ya kai ƙeyarsa likita ya yanka? Ai sai a shekara ana dariya a mahauta. Ga shi wanzami ba ya aske kansa, sai ɗan'uwansa wanzami, kuma duk wanda ya kama kan zai ga ɗinki. Shi ke nan, gogan ya daina aski gaba ɗaya, ya koma naɗa rawani kamar sabon alhaji.

Ya so ya zagaye rumfar wanzamai ta bayan masu goro, amma ina. Sambo, Sarkin Askin Kebbe, wanda ba ya fashin kasuwar Tambuwal, ya riga ya hango shi.

"Namadi, an naɗa ka alƙali ne ban ji ba?"

"Ranka ya daɗe, sanyi nika ji."

"Cikin wanga zafi? Zo zauna. Suma har ta leƙo ta ƙarƙashin rawani. Wanzami da suma, wa zai ba ka kansa? Kana ba mu kunya."

Ba a musu da Sarki a gaban jama'a. Namadi ya zauna a tabarma. Sambo ya juya shi, ƙeyarsa ta koma wajen zana inda ba mai gani, sannan ya kwance rawanin. Babban yatsansa ya bi tabon a hankali daga sama har ƙasa.

"Hannun wanga likita ba laifi," in ji shi. "Ya ɗan zurfafa, amma haka ya kamata."

"Ka gafarce ni, Sarki. Lauratu ce ta matsa."

"Wa kake zato ya matsa ma Lauratu?"

Namadi ya yunƙura zai waiga, tsohon ya danne masa kai.

"Tsaya cak, aska na hannuna. Tun kana yaro nika aske wanga kai. Na san tawadar nan kamar yunwar cikina, kuma na ga lokacin da ta canza. Da ni na ce ka tafi asibiti, da ka tafi? Da ka ce tsoho ya ruɗe. Sai na gaya ma matata Tambaya, ita kuma ta gaya ma matarka a bakin rijiya."

"To mi ya hana ka yanke ta da kanka?"

"Yankewa ba wuya. Amma aska ba ta gaya mini abin da ke ciki. Su suna da madubin da ke gani."

Tambayar da Namadi bai taɓa furtawa ba ko a gaban Lauratu ta fito da kanta.

"In sunka ce shi ne fa?"

"In shi ne, an cire shi tun yana ƙarami. Na ga waɗanda sunka zauna har abu ya yi kamar dunƙulen hannu, kai ba ka cikinsu. Sauran na Allah ne. Kasuwa mai zuwa tare za mu shiga wajen malamin, ko mi ya ce mu ji shi mu biyu. Sunkuya."

Ya shafa ruwa da sabulu. Aska ta fara tafiya, suma tana zuba a kan tabarma, iska tana taɓa fatar kan. Hayaniyar kasuwa ta yi ta nisa. Kafin a kai bayan kunne na biyu, goshin Namadi ya sauka a gwiwar tsohon.

Wani Bafillace ya jingine sandarsa, ya rangaɗa sallama, yana cire hula.

"Yi a hankali, Hamma," in ji Sambo da ƙaramar murya. "Zauna can tukuna, ban gama da wanga ba."

Hamma ya dubi kan, ya ga ya fita tas, ko gashi ɗaya babu. Sai ya ji minshari. Ya nemi gefen tabarma ya zauna.