Kifin Na'ima

Tun da cikin Na'ima ya fara girma, abinci ya ƙi zama mata. Ta sha fura ta dawo da ita, ta taɓa tuwo ta dawo da shi. Nono kuwa ko warinsa ba ta son ji, ita da aka haifa a gindin saniya. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Abu ɗaya take ambato dare da rana: romon ɗanyen kifi mai yaji, irin wanda ta taɓa sha a gidan suna a cikin Birnin Gwari.

Mijinta Bakoji ya sayo mata banda a kasuwa. Ta shinshina, ta kau da kai. Shi dai bai taɓa sa kifi a baki ba, kuma duk ruwan da ya wuce gwiwa ba ya shiga. Amma ran da ya ga ta kasa ɗaga ƙwarya, sai ya kora shanu ya nufi dam.

Ƙarshen bazara ne. Kullum hadari ya haɗu ya watse, zafi kamar a cire fata a rataye. Ruwan dam ya ja baya, kututturan itatuwan da ya shanye tun da daɗewa sun leƙo kai. Masunta duk sun tafi sharar gona, sai wani tsoho, Mu'azu, zaune a inuwar kwale-kwalensa yana ɗinkin koma.

"Baba, kifi nake so. Ɗanye."

"Ka makara, Fillo. 'Yan abin da na samu da asuba tuni suna cikin mai." Ya dube shi sama da ƙasa. "Yaushe kuka fara ci? Ko nonon ne ya ƙare?"

Bakoji ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da sanda. "Mutanen gida ne ba su jin daɗi."

Tsohon ya gane, ya yi dariya har da tari. "To ni bayana ba zai sake tuƙi yau ba. Ga ƙugiya, ga igiya. Wanda ya yi aikin shi zai kama kifin."

Ya laluba cikin wani bokiti ya ciro ɗan kifi karfasa kamar yatsa biyu, yana ta mutsu-mutsu, ya soka masa ƙugiya a baya. Ya ce a wannan lokaci babban kifin nan giwan ruwa kan laɓe a gindin kututture tana jiran ƙanana, kuma ba ta cin matacce. Ya nuna masa inda zai jefa.

Jifan farko ya kama hular Bakoji. Na biyu ya faɗa gaban ƙafarsa. Na uku ya tafi daidai.

Ya tsuguna. Rana ta take. Da ya gaji da shiru sai ya fara fito a hankali, yana kaɗa harshe yadda yake kiran maruƙa.

"Me kake yi?"

"Kira."

"Ba su da kunnen Fulatanci. Yi shiru."

Bai rufe baki ba igiyar ta miƙe ɗam. Aka fizgi Bakoji, ya yi taku uku bai shirya ba, ruwa ya kai masa idon sawu. Aka sake fizga, ya kai ƙwauri. Igiyar lailon tana yankar tafin hannunsa.

"Babba ce," in ji Mu'azu, ya miƙe dafe da ƙugu. "Bi ta cikin ruwa, in ba haka ba ta naɗe kututture ta tsinke."

Bakoji ya dubi baƙin ruwan da ke gabansa. Ya tuna wuyan Na'ima. Ya ƙara taku ɗaya, ruwa ya taɓa gwiwa, ƙafafun suka ce nan ne iyakarsu. Ya waiga. Ga baƙin bijiminsa, Ɓaleri, yana shan ruwa kusa da shi, ko a jikinsa. Ya kira shi da suna. Bijimin ya matso yana busa hanci, Bakoji ya naɗa masa igiyar a ƙaho ya ƙulle.

"Kai, me zan gani haka?"

"Ya fi ni ƙarfi, Baba."

Daga nan aiki ya zama na mutum biyu da sa ɗaya. Mu'azu ya ce ja, Bakoji ya yi fito, Ɓaleri ya taka gaba. Mu'azu ya ce sassauta, Bakoji ya dafa masa goshi, ya ja da baya. Bijimin yana yi yana tuƙa, kamar dama sana'ar gidansu ce. A hankali kifin ya bar gindin kututture ya fara matsowa.

Sai giwan ruwan ta yi tsalle. Ta fito gaba ɗayanta, fara fat, baki a wangame, ta faɗo da ƙara daf da hancin Ɓaleri. Bijimin bai tsaya tambaya ba. Ya ɗaga jela ya yanki tudu, kifi na biye da shi a ƙasa yana tsalle-tsalle cikin taɓo, Bakoji na biye da kifi, sauran shanun na biye da Bakoji.

Sai a gindin wata ɗorawa igiyar ta sarƙe, aka tsaya. Bakoji ya faɗa kan kifin ya rungume shi, yana haki. Tsawonsa ya kai daga ƙugunsa zuwa ƙasa.

Mu'azu ya iso yana share hawaye. "Tun ina yaro nake su. Ban taɓa ganin an bi kifi da gudu a tudu ba. Ka ba ni aron san nan gobe."

"Ba ya aiki da Haɓe."

Tsohon ya feɗe kifin, ya yanke kan ya ce ladan ƙugiya ne. Ya koya masa: albasa, attarugu, daddawa kaɗan, kada a juya da yawa.

Da la'asar surukar Bakoji ta ɗora tukunya nesa da ƙoren nono, tana toshe hanci da gefen zane. Shi ya zauna bayan bukka, wai yana gyaran igiyar maruƙa, kunnensa duk yana ciki. Ya ji ƙarar cokali. Ya ji shiru. Ya jira abin da ya saba ji bayan shirun, bai zo ba. Sai ƙarar cokali kuma.

Can Na'ima ta leƙo, gumi a goshinta, leɓe ya yi ja da yaji.

"Wai kai ka kama da hannunka?"

"Mu biyu ne."

Ta dubi tafin hannunsa da igiya ta yanka, ta yi murmushi ta sunkuyar da kai.

"Akwai saura a tukunyar?" in ji ta.

"Da yawa."

Ta miƙo masa kwanon ya ƙaro mata.