Rabin Hoton da Madam Tsaf Ta Yanke

Mutum talatin da biyu muka rubuta a takardar gayyata, ni da Shiru. Haka nake kiran wanda zan aura, domin yakan zauna da ke awa guda bai ce uffan ba, amma ki tashi kamar an yi miki hira mai daɗi. Ba mu son taro. Teburi huɗu a lambun mahaifiyarsa, kek ɗaya, furanni kaɗan, sai mai hoto.

Ummansa ce ta kawo maganar. Lambunta ake haya ana biki a ciki, don haka ta san kowa a harkar.

"Ku bar wa Madam Tsaf komai," ta ce. "Ita ke tsara duk bikin da ake yi a nan. Ta ce na ɗana kuwa, da hannunta za ta yi shi."

Sai da na ajiye kofin shayina, don kada ya suɓuce.

Shekara uku ke nan, Baba ya manta tabarau ɗinsa a gida, na bi shi da shi zauren wani biki. Baba mai hoto ne, ya fi shekara talatin a sana'ar. A lokacin bai daɗe da tashi daga ciwo ba, hannunsa na dama yana ɗan rawa. Sai ya samo dabara: ya jingina kafaɗa da bango, ya saki numfashi a hankali, sannan ya latsa. A haka na tarar da shi, ya saita amarya tana gyara wa kakarta mayafi. Yana latsawa Madam Tsaf ta iso kansa.

"Tsoho, bango ka zo tokarewa ko hoto ka zo ɗauka? Dubi hannu kamar mai kaɗa ƙararrawa! Ciro min katin da ke cikin kyamarar, ka je gida ka sha magani."

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma na ƙirga bakunan. Baba ya ciro katin ya miƙa mata da hannu biyu. Da ya juyo ya gan ni, sai ya yi murmushi ya ce, "Auta, kin kawo tabarau? Allah Ya yi miki albarka." Wannan murmushin ya fi dariyarsu yi min ciwo.

Ba ta tsaya nan ba, ta bi gidaje tana cewa ya gama yayi. Aka daina kiransa aiki. Baba ya kulle kyamarar a jakarta ya ɗora saman kabad, bai ƙara kallon wajen ba. Mutumin da ke tashi da waƙa a baki ya koma zaman bakin taga yana kallon masu wucewa.

"Umma, a kira ta," na ce. "Ranar Asabar, a gidanmu. Ta zo da kundin aikinta."

A mota Shiru ya daɗe yana satar kallona.

"Wannan murmushin naki ba na amare ba ne."

"Na me ne?"

"Na wadda ta wasa wuƙa."

Na ba shi labarin tun daga tabarau. Sai ya riƙe hannuna har muka iso layinmu. Ni kuwa ina sonsa a ranar fiye da kullum, domin bai ce in yi haƙuri ba.

Kafin Asabar na haɗa mutanena. Ban duba shafin kowa a waya ba. Tambaya ɗaya na riƙa yi a kasuwa: wa Madam Tsaf ta taɓa wulaƙantawa? Amsoshi suka yi min yawa, sai da na zaɓa.

Na fara da Anti Mai Kek, can ƙarshen wani lungu, inda ƙamshin man shanu da lemo ke tarbar mutum tun daga kwana. Na same ta gari har gwiwar hannu.

"Madam Tsaf?" Ta buga ludayi a bakin kwano. "Ita ce ta ɗanɗana kek ɗina a gaban uwar amarya, ta tofar a tsumma, ta ce soson wanka ne. Soson wanka, 'yar nan! Ni da nake tankaɗe sau uku!"

"Anti, mutum talatin da biyu ne kawai."

"Ko mutum biyu ne. Zan yi miki kek ɗin da idan ta ji labarinsa sai haƙorinta ya yi tsami."

Mai Furanni kuwa dattijo ne marar son magana, rumfarsa tana jikin katangar asibiti. Madam Tsaf ce ta sa ya mayar da amalanke guda na fararen wardi cikin rana, wai farinsu bai kai fari ba. Kafin ya isa rumfa duk sun sunkuyar da kai. Ya ji buƙatata yana yanke ƙaya da ɗan almakashi, ya ce, "Farare za ki samu. Irin waɗancan sak."

Saura mai hoto, wanda dominsa na fara duk wannan.

Na san kundin Madam Tsaf, duk mai shirin aure ta san shi. Hoton da ke bangonsa shi ne a allon ofishinta da jikin motarta: amarya tana gyara wa kakarta mayafi, hasken taga ya sauka a kan hannuwansu. Duk lokacin da motar ta wuce ni sai na ce a raina, aikin Baba ne. Amma ba ni da hujja, katin yana hannunta.

Ranar Alhamis Baba ya tafi aski. Na taka kujera na sauko da jakar, ƙura ta cika min hanci. Tun ina yarinya nake jin yana cewa mai hoton kirki ba ya yarda da kati ɗaya. Na buɗe ɗan murfin gefen kyamarar da farce. Na biyun yana nan.

A shagon wanke hoto, da aka buɗe hoton ƙarshe a kan allo, sai na matso kusa. Ashe hoton da duniya ta sani rabi ne. A ɗaya rabin, ga Madam Tsaf ta taho, baki buɗe, yatsa a miƙe, jijiyar wuya ta tashi.

"A wanke min shi babba," na ce wa mai shagon. "Kada a rage ko gefe."

Asabar da hantsi ta iso, turarenta ya riga ta shigowa. Umman Shiru tana kan doguwar kujera, Shiru a gefenta. Baba yana ɗakinsa, na ce masa baƙi ne na harkar mata. Madam ta ƙare wa falonmu kallo, labulen da ya koɗe da fankar da ke ƙara, ta yi irin murmushin da ake yi wa majinyaci.

"Amaryarmu! Ƙaramin biki shi ne yayi yanzu. Ki kwantar da hankalinki, ni ba na aiki da tarkace. Duk wanda zan kawo miki zaɓaɓɓe ne."

"Na riga na samu mai kek da mai furanni," na ce, na faɗa mata su waye.

Ta yi 'yar dariya ta dubi Umma. "Yara ke nan. Za mu gyara wannan."

Na jawo kundin na shafa bangonsa. "Mai hoto ne ya rage. Wanda ya ɗauki wannan nake so, ba wani ba."

"Kina da ido! Yarona ne, ni na koya masa da kaina. Ya yi tafiya, amma zan kawo miki wanda ya fi shi."

"Ke kika koya masa?"

"Ina tsaye a bayansa ranar. Ni na ce masa latsa."

"A bayansa," na ce. "Umma, kin ji ko?"

Na zaro hoton daga bayan kujera na kwantar a kan tebur, kusa da kundin. Umma ta gyara tabarau, ta dubi amarya da kakarta, sannan idonta ya gangara ɗaya rabin ya tsaya.

"Madam," ta ce a hankali, "ai a gabansa kike. Wa kike nunawa da yatsa haka?"

"Mahaifina," na ce. "Wannan ne hoton ƙarshe da ya ɗauka. Daƙiƙa ɗaya bayansa ta ce masa mai kaɗa ƙararrawa, ta kore shi a gaban mutane. Shekara uku tana yawo da aikin hannun da ta zaga a jikin motarta."

"Hajiya, wallahi ba haka... yarinya ce, ba ta fahimci..."

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Baba ya fito da jarida a hannu. Ya dubi hoton, ya dubi Madam, ya dube ni. Madam ta miƙe, jakarta ta zube, kwalbar turare ta gangara ƙarƙashin kujera. Baba ne ya sunkuya ya ɗauko, ya miƙa mata da hannun nan mai rawa. Ta kasa kallonsa.

"Ki bar makullin lambu wurin mai gadi," Umma ta ce mata. "Yau."

Ta fita ko kundin ba ta ɗauka ba. Na jira daɗin da na yi shekara uku ina tanadi, kuma ya zo, ba zan yi ƙarya ba, har cikin ƙashina na ji shi. Amma Baba bai yi murmushi ba.

"Kin taɓa min jaka, Auta. Kin mai da ni sandar dukan wata."

Ya koma ɗaki ya rufe.

Kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na kori Madam Tsaf daga lambu, amma jakar ta koma saman kabad, kuma ita nake so ta sauko. Na yi kuka a kafaɗar Shiru har rigarsa ta jiƙe. Ya ce in nemi wani mai hoton, ko don ko-ta-kwana. Na ce idan ba Baba ba, a yi bikin babu hoto.

Rana ta uku da safe ina tsakar gida, ina jera sunayen baƙi teburi-teburi, na ciji murfin biro. Sai na ji ƙyas. Na ɗago. Baba ne jingine da ƙyauren kicin, kyamara a fuska.

"Kada ki motsa." Ya saki numfashi. Ƙyas. Ya duba bayan kyamarar ya daɗe. "Uhm. Bai girgiza ba."

"Baba..."

"Ban yafe miki jakar ba tukuna. Amma da na ga hoton nan babba, sai na ga ashe hasken ya zauna daidai. Ni ban taɓa ganinsa ba sai a jikin mota tana gudu." Ya sake dubawa ya taɓe baki. "Sai dai fuskar nan ta mugunta, ki cire ta kafin ranar. Ba zan ɗauki amarya tana hararar duniya ba."

Na rungume shi har sai da ya ce zan fasa masa gilashi.

Ranar bikin, fararen wardi suka cika teburi huɗu. Anti Mai Kek ta tsaya a kan kek ɗinta kamar soja, duk wanda ya ɗanɗana sai ta tambaye shi, "Soso ne?" Baba yana bin bishiyoyin lambun ɗaya bayan ɗaya yana jingina, yana waƙa ƙasa-ƙasa. A hoton da na fi so, Shiru yana raɗa min magana a kunne, ni kuma ina dariya ido rufe.

Fuskar muguntar na cire ta, kamar yadda Baba ya ce. Amma kafin in cire, na mayar wa Madam Tsaf kundinta. Na ɓare rabin hoton da ke bangon, na manna cikakken, na buga tsohon hatimin sana'ar Baba a ƙasansa, daidai ƙarƙashin yatsarta.