Sakatar Sama

Kafinta bai taɓa shiga ofishin lauya ba sai ranar. Ya zauna, ya ji ƙafar kujerar ɗaya ta gaza. Ɗansa direba, mai shekara talatin, yana gefe, kai a sunkuye. Sati biyu ke nan da ya faɗa wa uban irin lalatar da babban malamin makarantar addini ya yi masa yana ɗan shekara goma.

Lauyar ta ce, "Baba, hanya biyu ce. Mu kai wa 'yan sanda a tuhume shi, ko mu yi ƙarar hukumar makarantar da ta rufa masa asiri. Ana iya haɗa su. Amma an daɗe, kuma maganar ɗanka kaɗai gare mu. Malamin ya riga ya amsa takardata. Wai ƙofar ofishinsa ba ta taɓa kulluwa ta ciki ba."

"Tana da sakata," in ji direba. "Can sama take."

"Wa zai shaida?"

Kafinta ya dubi tafin hannunsa. Ya tashi, ya ce rana ta yi, aiki na jiransa.

Shi ya kafa sakatar. Ya tuna ranar sarai. Malamin ya tsaya a bayansa yana murmushi, ya ce, "Ɗaga ta sama, inda hannun yara ba zai kai ba." Ya ɗaga. Ƙusa shida ya buga, har ya yi alfahari da aikin, ya ƙi karɓar komai don makarantar Allah ce. Da hannunsa kuma ya kai yaron aka rubuta sunansa.

Kwana uku bai faɗa wa kowa ba. Matarsa ta ajiye abinci, ta ɗauke shi yadda yake.

Rana ta huɗu da hantsi, maigadin makarantar ya zo shagon, yana washe baki.

"Ranka ya daɗe, sarkin guduma! Malam na gaisuwa. Ya ce ka zo ka cire wata tsohuwar sakata, ka cike ramukan da garin katako da gam, ka bi da fenti. Yau yake so. Ya ce kai na gida ne, ba ka da surutu."

"Me sakatar ta yi masa?"

"Oho. Tsatsa, wataƙila."

"Abin da na kafa ba ya tsatsa."

"To, a ce masa me?"

"Ka ce hannuna na ciwo."

Maigadi ya daina dariya. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Baba, kana da 'ya'ya mata da ba a aurar ba. Mutane kuma suna da baki." Ya fita.

Kafinta ya ajiye zarto. Bai iya neman suna a waya ba, amma lambar ɗansa tana kansa. Ya danna.

"Kai. Kira lauyar nan. Ka ce ta zo makarantar da 'yan sanda da mai hoto yanzu. Ni na sa sakatar. Zan faɗa a gaban alƙali."

Ɗan ya fara kuka a wayar.

"Baba..."

"Ka yi kukan daga baya. Yi sauri."

Ya leƙa titi. Maigadin bai nufi makaranta ba. Ya tsallaka zuwa rumfar wani kafinta, shi kuwa har ya fara zuba kayan aiki a jaka.