Muryar Isiyaku a Bakin Wani

Kafin fim ɗinsa na biyar, Sagiru darakta ne irin wanda in aka tara masu kallon finafinansa kaf, adaidaita sahu ɗaya za ta kwashe su daga Rano zuwa Kibiya, har a samu wurin buhun albasa. Ya san da haka, yakan ma riga mutane faɗa.

Na biyar ɗin labarin wani manomi ne da rijiyar lambunsa ta ƙafe. Bai sha wahalar neman jarumi ba. Isiyaku na nan a Kibiya, abokinsa tun suna wasan kwaikwayo a makaranta, kuma manomi ne na gaske. Rani guda suka yi suna ɗauka a lambunsa. Isiyaku yana da wata irin tafiya, kafaɗa ɗaya a karkace saboda saɓa injin ban-ruwa, ko sau ɗaya Sagiru bai ce a sake ta ba.

Aka kai wa Alhaji Habu, mai tashar da za ta saki fim ɗin a intanet. Ya ɗan kalla, ya miƙo wayar.

"Aiki ya yi kyau. Amma wannan wane ne?"

"Isiyaku ne, Alhaji."

"Na gidan wa? Malam Sagiru, mutane fuskar da suka sani suke latsawa. Kawo min Ramalan, in saka."

Ramalan, wanda hotonsa ke manne a bayan rabin baburan Kano, ya iso lambu da mai riƙe masa lema. Ya kama fartanya kamar an miƙa masa jaririn maƙwabta. Ana tsakiyar ɗauka ma'ajiyar hotuna ta cika. Jarumi na tsaye a rana yana duba agogo. Sagiru ya nemi abin da zai goge, ya ga aikin da suka yi da Isiyaku, ya goge. Yatsa ɗaya ya wadatar.

Ramalan ya wuce wani aikin bai ɗora murya ba, maganar da aka ɗauka a lambu kuwa ƙarar inji ta cinye ta. Sagiru ya hau babur ya koma Kibiya, ya tarar da Isiyaku yana ban-ruwa.

"Darakta, lambun ma a ba Ramalan ne?"

"Muryarka nake so."

"Au, fuskar ce kawai ba ta sayuwa?" Isiyaku ya wanke hannu, ya goge a riga. "Matata Ramlatu ta daɗe tana faɗa min haka, na ɗauka faɗan mata da miji ne. Mu je."

Fim ya karɓu. Masu kallo suka yi ta rubuta cewa Ramalan ya iya maganar manoma kamar a gona aka yanke masa cibiya. Sagiru ya sayi sabuwar hula. A gidan rediyo aka tambaye shi sirrin nasararsa, ya ce haƙuri.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Isiyaku, bai tashi ba.

Bayan Ramlatu ta fita takaba ta aika a kira Sagiru. Suka zauna a zaure, ita a can gefen tabarma, ƙaramar 'yarsu Afra'u a cinyarta.

"Malam Sagiru, hotunansa akwai, amma duk a ƙame yake kamar wanda aka kama da laifi. Yarinyar nan ba za ta tuna tafiyarsa ba. Wanda kuka yi a lambu nake so, na farkon. Ko ɗan kaɗan ne."

Sagiru ya yi shekaru yana koya wa mutane yadda za su yi da fuskarsu. Tasa ya rasa inda zai ajiye ta.

"Maman Afra'u, babu shi. Na goge."

"Duka?"

"Duka. Wuri ne ya yi kaɗan."

Ta gyara mayafi.

"To, wanda duniya take kallo fa?"

Ya kunna, ya ajiye mata wayar. Ramalan ya bayyana cikin rigar da tela ya yayyaga da almakashi, ya leƙa rijiya, ya buɗe baki. Muryar Isiyaku ta fito, da ɗan kaushin nan nata.

"Ke rijiya, tsakanina da ke wa ya fara gajiya?"

Afra'u ta sauka daga cinya, ta tafi bakin ƙofa tana leƙen hanya.

Sagiru ya kai hannu zai kashe. Ramlatu ta riga shi, ta kife wayar a kan tabarma.

"Bar shi ya ƙarasa," in ji ta.

Fim ɗin mai tsawo ne, shi ya san haka, don shi ya ƙi a rage. Ya zauna yana kallon bayan wayarsa har Isiyaku ya gama magana.