Fushin Jayantilal da Alewar Gidan Ƙaninsa

Duk birnin Ahmedabad babu wanda ya iya fushi da tsari irin Jayantilal. Wasu sukan yi ihu su huce, shi kuwa lallaɓa nasa yake yi, har ya shekara goma sha wani abu bai dushe ba.

Abin ya samo asali ne ranar bikin 'yar ƙaninsa Kirit. Da aka zo naɗa wa manyan dangi rawani, sai aka fara da wani kawun amarya, shi babban wa yana tsaye kai ba komai. A zuci dai ya rantse ba zai ƙara cin zaƙi a gidan Kirit ba sai Kirit ya ambaci rawanin nan da bakinsa.

Amma bai daina zuwa cin abincin ranar Lahadi ba. To, in ya zauna a gida, wa zai ga fushin? Da an kawo alewar mohantal sai ya ture farantin da ɗan yatsa, ya kalli silin. Ko da likita ya ce masa suga ya kama shi watan jiya, kashedi ya yi wa matarsa Kokila.

"Kada ki gaya wa kowa. Sai su ɗauka ciwo ne ya hana ni, ba zuciya ba."

"Oho dai," in ji Kokila.

Sai ga ranar yafiya ta zagayo, lokacin da mabiya addinin Jain ke gama azumi su nemi gafarar juna. Aka taru gidan Kirit da safe. Kirit ya haɗa tafukansa, ya rusuna.

"Yaya, abin da na yi maka da sani ko ba da sani ba, ka yafe mini."

Haka yake faɗa duk shekara, a dunƙule. Yunwar azumi ce ko tsufa, bana dai Jayantilal ya kasa haɗiyewa.

"Ba da sani ba? Rawanin fa?"

"Wane rawani, Yaya?"

Wane rawani! Jayantilal ya zazzage komai, har da launin rawanin da irin murmushin kawun. Ya ƙare da cewa, "Shi ya sa ko ɗanɗana alewarku ba na yi!"

Daksha, matar Kirit, ta dafe ƙirji. "Wayyo Yaya! Mu ai mun ɗauka ciwon suga ne kake ɓoyewa. Shi ya sa nake dafa maka garahuni duk Lahadi. Kirit ma ya daina shan shayi da sukari a gabanka, don kada ranka ya biya."

Jayantilal ya ji kamar an zare masa kujera. Ashe duk ɗacin nan da yake haɗiya yana cewa wulaƙanci ne, tausayi ne. Kunya ta kama shi, da wani baƙin ciki wanda ya fi kunyar.

Kirit ya durƙusa ya taɓa ƙafafunsa, idonsa ya cika da ƙwalla. "Ban lura ba, Yaya. Ka yafe mini rawanin."

Kafin ya ɗago, Daksha ta ruga ta dawo da faranti cike da mohantal, man shanu na ƙyalli. "To tunda lafiyarka ƙalau, ci ka rama!"

Kokila ta yi gyaran murya. "Maigida, likita fa..."

Jayantilal ya zuba wa farantin ido. Shekarun da jikinsa ke iya ɗauka ya ƙi ci, yau da zuciyarsa ta yarda jikin ya ƙi. In kuma ya ture, Kirit zai ce bai yafe ba.

Ya gutsiri kaɗan, ya sa a baki.

"Daksha," ya ce, "dama haka kika iya ta?"