Hantar Harisu Mahauci

Shekara ashirin Harisu yana fawa a Agege kafin idanunsa su koma rawaya. Wata biyu yana shan jiƙo, ciki sai ƙara kumbura yake, har matarsa Hansai ta matsa masa suka hau danfo, motar haya, zuwa asibiti.

Likitar, Dakta Hafsa, 'yar unguwarsu ce. Ta duba sakamakon gwajin jini ta ce, "Baba, ciwon hanta ne, kuma ya daɗe a jikinka. Duk ƙwayar halittar hanta da cutar ta shiga, jiki yakan sa ta kashe kanta don kada cutar ta yaɗu. Shekaru ana haka, yanzu tabo ya fi lafiyayyen nama yawa."

Harisu ya san irin wannan hantar mai tauri. In ya same ta a cikin saniya, jefar da ita yake yi.

Ya ce, "Za ta warke?"

"Magani zai rage mata gudu kawai. Amma a gwada Mama yau, har da yaran."

Yaran lafiya lau, amma Hansai tana ɗauke da cutar. Harisu ya rasu bayan Babbar Sallah. Ita kuwa an tari nata da wuri.